Shekarar da Na Daina Cin Miyar Kulu

Idan kuka je Danwarai bayan ba ni, za a ba ku labarin shekarar da na daina cin abinci a gidan wana, Baffanku Namadina, kuma abin da za ku ji ya danganta da bakin da ya faɗa. Maza za su ba ku shi suna dariya, su ƙara masa gishiri. Wasu tsofaffin mata kuwa za su sassauta murya, wata ma ta ce Allah kaɗai ya san abin da ke cikin miyar nan. Saboda su nake rubuta wannan babi. Na rubuta muku makaranta, na rubuta aure, na rubuta shigata aikin rediyo, duk ina kewaye shi kamar mai farar riga da kwata. Maganar bayan gida ce, kuma babu uban da ke son 'ya'yansa su hango shi a tsugune. Amma akwai sunan mace a ciki, Inna Kulu matar Baffanku, kuma ba na son a bar wa jikokinta ko ɓurɓushin zargi.

Ciwon ya same ni ina tsakiyar ƙarfina, lokacin ni ke karanta labaran safe. Atini na yi, wato zawo mai jini, a wata damina, bayan na sha ruwan wani ƙauye da muka je ɗaukar rahoto. Atinin ya tafi, cikin bai koma daidai ba. Yau gudawa, jibi kuma abin ya ƙi fita ko da zan wuni a kansa. Ciki ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, murɗa ta kama ni a ƙasan cibiya ta hagu, ga iska wadda ba ta sallama. Abin da ya fi muni shi ne gaggawa. In ya ce yanzu, to yanzu ne. Mai karanta labarai kuwa, da zarar jar fitila ta kama, ko tari ba nasa ba ne. Sai na koyi shiga ɗakin watsa labarai da ciki wayam, ko ruwa ba na kurɓa sai na sauka. Tsakanin gidanmu na Jega da wurin aiki babu masallaci ko gidan mai da ban san inda bayinsa yake ba. A masallacin unguwa na bar sahun gaba na koma ƙarshen sahu kusa da ƙofa, saboda alwalata ba ta da tabbas. Mutane suka ɗauka tawali'u ne, har wani dattijo ya yabe ni a kai.

Na fara da kemis, kamar kowa. Da na ce ciki, sai a ce taifot. A ba ni kafso ja-da-yalo, a haɗa da farar ƙwayar nan mai ɗaci da ke barin ɗanɗanon ƙarfe a baki. In ji dama-dama, sai ciwon ya dawo ya fi da, in koma, a canza launin kafso. Daga baya aka ce ai basir ne ya ci ƙarfina, na sayi jiƙo wurin masu lasifika a kasuwar Jega, ya wanke ni tas. Duk wannan ina yi, alhali da bakina nake karanta sanarwar da ke hana jama'a shan magani ba da izinin likita ba.

Mahaifiyarku Balkisu ce ta gaji, ta ce ko in je babban asibiti a Sakkwato ko ita ta je ta kira wana ya kai ni. Na zaɓi zuwa da ƙafata. Aka auna jini, aka auna bayan gida, aka zura mini wata siririyar kamara ta inda ba sai na faɗa ba. Likitar da ta karanta mini sakamako yarinya ce, ba za ta girmi babbar yayarku ba, kuma tambayoyin da ta yi mini game da kamannin abin da nake fitarwa da yawansa na amsa su ne ina kallon takalmina. Ta ce babu taifot, babu gyambo, babu daji. Sannan ta yi mini bayanin da ban taɓa ji ba duk da shekarun da na yi ina fassara shirye-shiryen lafiya. Ta ce a cikin hanjin kowane mutum akwai ƙananan halittu, bakteriya, masu yawan da ba ya ƙirguwa, zaune kamar mutanen gari. Mafi yawansu ba abokan gaba ba ne. Su ke ƙarasa narkar da abin da hanji ya kasa, kuma cikar da suka yi wa wurin ita ke hana miyagun samun masauki. Atinin ya girgiza garin, ni kuma na bi shi da kafso kan kafso, kamar wanda ya cinna wa rumbu wuta don ya kashe ɓera. Waɗanda suka rage ba su daidaita ba, hanjin kuma ya zama mai saurin fushi, abin da wani ba zai ji ba ni sai ya murɗe ni. Ta ce akwai abincin da ke ɗauke da wani irin sukari da ƙaramin hanji ba ya tsotsewa, sai ya gangara babban hanji, halittun nan su far masa, ya yi tsami ya kumbura kamar ƙullun da ya kwana, ya tara iska ya jawo ruwa. Ta ce ciwon ba ya kisa, amma ba shi da allurar da ke raba mutum da shi, sai dai zaman lafiya. In bar kafso, in janye wasu abinci na wani lokaci, sannan in riƙa dawo da su ɗaya bayan ɗaya har in gane masu laifi. Ta fara lissafi: wake, alkama, tafarnuwa, albasa. A nan na yi dariya. Ta tambayi dalili, na ce mata ni mutumin ƙasar Aliero ne, gidan albasa.

"To Baba, sai haƙuri," in ji ta. "Albasa ba ta da laifi wurin mutane da yawa. Amma in ita ce taka, ko an tsame ta daga miya, ruwanta ya isa."

Ita ce tawa. Na gwada yadda ta ce, mahaifiyarku na girki ina lura. Wake kaɗan ba ya yi mini komai. Burodi sai in ya yi yawa. Kindirmon da dangin mahaifiyarku ke aiko mana daga Maiyama ya karɓe ni, ko da yake likitar ta ce ba kowa yake karɓa ba. Albasa kuwa, ɗanya ko dafaffiya, in na ci da hantsi kafin la'asar na san inda nake. Da aka cire ta daga tukunyarmu ta Jega sai na fara zama mutum. Na koma karyawa kafin aiki. Da a Jega kaɗai nake cin abinci, da labarin ya ƙare a nan.

Amma kowane hutun mako ina Danwarai. Mahaifinmu bai daɗe da rasuwa ba, ba a raba fadamarsa ba, Yaya Namadina ke nomanta a madadinmu duka. Ku da kuka tashi a Jega ba za ku gane matsayin albasa a gidan nan ba. Da ita aka yi rufin kwano, da ita aka sai mini littattafai, da ita tsohonmu ya je Makka. Warinta na cikin bango, na cikin tufafi, in an shiga lokacin cira har ruwan randa sai ka ji kamar ya ɗauka. Kulu kuwa ita ce gwanar girkin unguwar. An kawo ta gidanmu daga Kuberi ina yaro ƙarami, kuma tun ina firamare babu suna ko biki da za a yi a unguwar ba a kira ta ta tsaya a kan tukwane ba. Miyarta daga tulin albasa take farawa, ta soya ta har ta narke ta yi ja, sauran kayan duk baƙi ne. Tsakanina da ita akwai wasan ƙanin miji da matar wa. Ina kiranta uwargida, tana kirana maigida ƙarami, in na shigo ta ce ga mijin da ba ya kawo cefane sai surutu a akwati. Yaya kuma Bakano yake ce mini, wai rediyo ta wanke mini harshen gida. Ni da shi kwano ɗaya muke ci a zaure tun ban iya wanke hannu ba.

Ranar farko da aka ajiye kwanon na ce na ƙoshi. Mako na gaba na ce ina azumin nafila. Na gaba kuma na sa hannu na gutsuri tuwo ta gefen da miya ba ta taɓa ba, na ce an kira ni a waya. Kuna iya tambaya me ya hana in ce albasa ba ta karɓe ni. Na yi wa kaina wannan tambaya da natsuwa, kuma ga amsar. A gidan nan in ka ce haka, tambaya ta biyu ita ce, me take yi maka? Amsar kuwa tusa da zawo. Danwarai gari ne da in aka laƙa maka suna da shi za a yi maka salla. Ni kuma a lokacin, in na fara karanta labarai, a majalisar ƙofar gidanmu ƙara murya ake yi, a ce a yi shiru ɗan gidan nan na magana. Ban ga yadda zan haɗa wannan murya da waccan amsa ba. Ga kuma tsoron a ce ɗan albasa ya yi boko har yana ƙyamar albasa. Sai mahaifiyarku ta riƙa zuba mini abinci a kula, in ɓoye a mota, in yunwa ta matsa in ce zan duba gona, in tsaya bayan rumfunan ajiyar albasa in ci da sauri. A ƙauye babu bayan da ba gaban wani ba ne. Mata masu dawowa daga fadama suka gan ni.

Gwaggo Ige, ƙanwar mahaifinmu, ta fi kowa sona a dangi, kuma ita ta fi kowa lura da yadda na rame a shekarun kafso. Ba ta shawarci kowa ba ta tafi wurin wani mai duba, ya buga ƙasa ya ce mata a baki aka ba ni, hannun mace ne, kuma ba daga nesa ba. Da labarin kula ya iso mata sai ta haɗa da maganar fadamar da ba a raba ba, da 'ya'yan Kulu maza da suka tasa. Wata ranar ta tare ni a soro, ta kama hannun rigata.

"Atto, hwaɗa mini gaskiya tsakaninka da Allah. Abincin gidan ga kake tsoro?"

Abincin nake tsoro, wannan gaskiya ne. Na ce, "Gwaggo, don Allah a bar maganar nan." Ta sake ni ta gyaɗa kai, ta ce ta gane. Na tafi ina jin daɗi na tsira daga tambaya ta biyu.

Abin da ya biyo baya a cikin gida ya faru, inda maganar zaure ba ta kaiwa kuma tasa ba ta fitowa. Aka yi suna a maƙwabta ba a kira Kulu kan tukwane ba, aka ce an tausaya mata ne, girma ya fara kama ta. Aka yi biki, haka. In ta aika wa maƙwabciya da ɗan malmala, kwanon ya dawo a wanke da wuri fiye da kima, kaji kuma su ƙoshi. Uwaye suka riƙa kiran yaransu gida in ta sauke tukunya. Babu wanda ya faɗa mata komai a fuska. Ni dai abin da na lura shi ne ta daina tsokanata. In na ce uwargida ina wuni, sai ta ce lafiya lau, sannu da zuwa, ta shige ɗaki. Na ɗauka fushin ƙin cin abinci ne kawai, zai wuce.

Mahaifiyarku ce ta jiyo zancen, wai Kulu ce ta ba ni sammu a abinci, a wani biki a Andarai, daga bakin matar da ba ta san ko ita wace ce ba. Ta dawo ko mayafi ba ta cire ba ta zayyana mini. Ta ce labarin ya tsallake Aliero ya shiga ƙasar Maiyama, ya kusa isa Kuberi wurin dangin Kulu in bai riga ya isa ba. Ta ce in shirya gobe in je in faɗi ciwona da sunansa. Na ce akwai hanyar da ta fi wannan. Sunan jikan Yaya na tafe, kuma tun da a gidanta ne, dole Kulu ce za ta yi girki. Zan zauna a bainar jama'a in ci abincinta har in sha romo, kowa ya gani, bakin kowa ya mutu. Abin da zai biyo baya kuwa in riƙe shi har in dawo Jega. Ta dube ni ta ce shekara nawa ina fama da cikin nan, yaushe ya taɓa jiran in kai gida? Na ce wannan karon zai jira. Ta ce mutumin da ke cin abinci da magana ya rasa abin da zai yi wa maganar da ta zama tilas sai ya cinye ta, to Allah ya ba da sa'a.

Ranar suna na sa farar babbar riga. Bayan an raɗa suna an watse an dawo, aka fara fito da abinci wajen hantsi. Na zauna a tabarmar tsakiya a ƙofar gida, na ɗaga murya yadda za a ji har ciki, na ce a gaya wa uwargida mijinta na jin yunwa, kuma da hannunta nake so ta zuba. Aka kawo shinkafa da miya jajir, an yanka ɗanyar albasa a kan naman. Na ci. Na nemi ƙari. Yaya na gefena yana ta murna, yana cewa yau Bakano ya tuna gida. Na hango Gwaggo a bakin soro ta dafe ƙirji. Zan faɗi gaskiya, miyar ta yi daɗi, na yi kewarta, kuma na ɗan lokaci na yarda dabarata ta ci.

Niyyata in sulale bayan azahar. Baƙi suka riƙe ni, wannan na son a gaisa, wancan na son in ji ƙorafinsa kan taki ko za a faɗa a rediyo. Cikin ya fara ƙugi tun ina sallamarsu. Aka kira la'asar ina tsaye da makullin mota a hannu, Yaya ya ja ni masallaci. Na nufi wurina na ƙarshen sahu, dattawa suka ce ina, manyan baƙi gaba, aka tura ni har bayan liman. A raka'a ta biyu murɗar ta zo. Na san irinta. Na sallame, na juya na fara keta sahu, ina taka ƙafafun mutanen da suka san ubana. Ban kai ƙofa ba.

Ba zan ƙara komai a kan wannan ba, sai dai rigar fara ce, kuma bayi mafi kusa yana cikin gidan Yaya, bayan tsakar gidan da ke cike da matan suna. Ta tsakiyarsu na wuce a guje, ina tattare da riga, gumi na zuba. Ina tsugune a bayan katanga na ji salatin Gwaggo, na ji tana cewa an gama da shi, a gabanta aka gama da shi, ta hana shi bai ji ba. Na ji ana kiran yara da sunayensu, ana ƙwace kwanoni, na ji ƙarar abinci ana juye shi a ƙasa. Muryar Kulu kaɗai ban ji ba. Na yi nufin wanke ta, na ƙarasa shafa mata baƙi a gaban dangin gari uku.

Can sai ga wando da riga an rataya a kan katanga, da buta cike an turo ta ƙasa. Yaya ne.

"Bakano, kana da rai?"

Na ce ina da rai.

"To in kana da rai ka hito. Gidana na cin wuta. Kulu ta aika a kira ƙanenta shi kai ta Kuberi."

Ta bayan katangar na faɗa masa, don ya fi sauƙi ba na ganin fuskarsa. Na faɗi atini, na faɗi kafso, na faɗi likita da kamara, na faɗi albasa. Ya ce wace albasa, wagga da anka yaye ni da ita? Na ce ita. Na ji dariya ta taso masa ya danne ta. Da ya sake magana babu dariya a muryarsa. Ya ce ba shi zan faɗa wa ba, shi bai taɓa zargin matarsa ba ko na ƙiftawar ido, maza ma ba su san ana yi ba. Inda aka ɓata ta can zan je in gyara. Na ce ya shiga ya yi musu bayani a madadina, shi ne babba. Ya ce ba cikinsa ba ne.

Na fito sanye da wandonsa da bai kai mini idon sawu ba. Tsakar gidan cike take da mata. Akwai surukai, akwai matan abokaina, akwai 'yan matan da aka haifa a gabana, akwai mahaifiyarku a gefen turmi ta sunkuyar da kai. Shinkafa a zube a ƙasa, kaji na bi. Kulu na tsaye a ƙofar ɗakinta da mayafi, ƙullin kaya a gefen ƙafarta. Na nemi muryar da zan yi magana da ita na rasa, sai ta aiki kaɗai ta rage mini, don haka da ita na yi. Na yi sallama, na ce ina da ciwon hanji, ya daɗe, kuma ba a gidan nan na same shi ba. Na faɗi alamominsa ɗaya bayan ɗaya da sunayen da kowa ya sani, ban sakaya ko ɗaya ba. Na ce a cikin kowa da ke tsaye a nan akwai ƙananan halittu masu taya shi narkar da abinci, nawa na kashe rabinsu da magungunan kemis, sauran kuma in suka ga albasa sai su yi abin da kuka gani. Na ce abin da ya sa nake cin abinci a mota ke nan, kuma kunya ce ta hana ni faɗa.

Gwaggo ta ce to mai duba fa, da ya ce hannun mace? Kafin in amsa mahaifiyarku ta ɗago. Ta ce in hannun mace ne to har da nata, don ran da ta manta ta jefa albasa a miya a Jega, da hannunta ta girka, kuma daren nan sai da ta buɗe tagogi duka ta koma ɗakin yara. Wata tsohuwa daga baya, wadda ba ta ji sosai, ta tambayi ta kusa da ita da ƙarfi, wai duk wannan tashin hankali ashe tusa ce? Sai dariya ta fashe. Ta fara daga 'yan mata, ta kama manya, har masu riƙe ciki. Na tsaya a ciki ina sane da cewa daga ranar, duk sanda aka ji muryata a akwati a garin nan, wannan tsayuwa za a tuna. Haka kuwa aka yi har na bar aiki.

Kulu ba ta yi dariya ba. Ta jira har aka lafa, sannan ta kira ni da sunan da ba ta kira ni da shi ba tun ina yaro.

"Atto. Shekarar da anka kawo ni gidan ga kay yi ƙyanda, innarka na kwance da jego. Wa ka wanke maka wando bayan ɗaki? Ni ta. Babu abin da ka hita cikin ga naka da ban gani ba. Shekara guda mata na kauce ma ƙwaryata kamar ta kuturu, ashe kai zawo kake ɓoye mani."

Na durƙusa a inda nake, a cikin shinkafar, na ce ta yafe mini. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta cire mayafin ta rataya a ƙofa, ta taka zuwa murhu, ta ɗauki kwano mai tsabta ta zuba shinkafa daga tukunyar da na ci, ta kwarara miya, ta ɗora nama. Ta ratsa matan nan duka har gaban Gwaggo Ige, ta durƙusa kamar yadda ake yi wa uwar miji, ta ajiye kwanon, ta ce bisimilla. Ba ta tashi ba. Gwaggo ta dubi kwanon, ta dube ni, ta dubi matan da ta shekara tana yi wa raɗa. Sannan ta ce a miƙo mata ruwa ta wanke hannu.